Gogen Cape Breton: Kiɗan da Aka Yi wa Ta'aziyya Yana Zaune da Ransa

A farkon shekarun 1970, gidan talabijin na ƙasar Kanada, CBC, ya nuna wani shiri a kan masu goge na tsibirin Cape Breton da ke gabashin ƙasar. Abin da shirin ya ce a taƙaice shi ne kiɗan ya kama hanyar kushewa: tsofaffi ne kawai suka rage suna riƙe da shi, samari kuwa sun koma ga jita da waƙoƙin zamani na rediyo. Mutanen tsibirin suka ji abin kamar an zo yi musu gaisuwar mutuwa alhali mara lafiyar na tsakar gida yana cin abinci. Wasu daga cikinsu suka kafa kwamiti, suka shiga bin ƙauyuka gida-gida suna neman duk wanda ya ajiye goge a ƙarƙashin gado. A watan Yulin 1973, a wani ƙauye mai suna Glendale, masu goge fiye da 130 suka hau dandamali ɗaya suka yi kiɗa tare a gaban dubban jama'a.

To wa ya yi gaskiya, mai shirin ko mutanen gari? A ganina dukansu. Yaran da ke koyon gogen a lokacin ba su da yawa, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai cin fuskar ce ta zaburar da iyaye, aka buɗe azuzuwan koyo, aka kafa ƙungiyar masu goge ta tsibirin wadda har yau tana nan. Amma taron mutum 130 a rana ɗaya ba shi ke nuna al'ada na da rai ba, don ko jana'iza ma tana tara mutane. Abin da ya riƙe wannan kiɗa wani abu ne da ke ƙasa da dandamali, wato ƙafafun masu rawa.

Goge nake ce masa saboda ba mu da sunan da ya fi wannan dacewa. Namu dai kowa ya san shi: ƙwarya ce a rufe da fatar guza ko ta damo, da tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki. Nasu akwatin katako ne mai tsirkiya huɗu da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, kuma shi ne dai wanda ake gani a hannun makaɗan manyan ɗakunan kiɗa na Turai masu baƙar kwat. Kayan ɗaya ne, hannu da kunne ne suka bambanta.

Cape Breton tsibiri ne a lardin Nova Scotia, can gabashin Kanada a bakin tekun Atlantika, mai faɗin murabba'in kilomita dubu goma da 'yan kai, da mutane kimanin dubu 130. Ƙasar 'yan asalin wurin ce da ake kira Mi'kmaq, daga baya masu jin Faransanci suka zo suka zauna a wurare irin su Chéticamp. Amma waɗanda suka zo da kiɗan da muke magana a kai mutanen tsaunuka da tsibiran arewa maso yammacin Sikotland ne, masu magana da harshen Galik. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa wajajen 1850, masu filaye a can suka ga kiwon tumaki ya fi musu riba a kan talakawan da ke noma gonakin haya, sai aka riƙa tashin ƙauyuka, wasu da ƙarfi, wasu talauci ya kore su da kansu. Dubban dubata suka tsallake teku. Kuma ba su watse ba da suka sauka. Dangi ya zauna kusa da dangi, 'yan tsibiri ɗaya suka kama kwari ɗaya, kamar yadda zango yake haɗa 'yan gari ɗaya a baƙon wuri. Hanya ba kyau, hunturu mai tsawo, kuma sai a 1955 ne aka gina hanyar Canso da ta haɗa tsibirin da sauran ƙasar. Wannan keɓewa ta sa abin da suka zo da shi ya daɗe bai gauraya da yawa ba.

Nishaɗinsu a gida yake. Suna da kalma, keli, wadda asalin ma'anarta ziyara ce, irin hirar dare da maƙwabta ke taruwa a ɗakin girki saboda nan ne wuta take. A yi labari, a yi waƙa, wani ya ɗauko goge ko algaitarsu mai jaka, a ture kujeru gefe. In babu makaɗi, wata tsohuwa ta rera kiɗan da baki a yi rawa. Yara da yawa ta bakin iyayensu mata suka fara haddace kiɗan tun kafin a ba su goge a hannu.

Yanzu ga yadda kiɗan yake. Yawancinsa babu waƙa a ciki. Gajerun karin kiɗa ne, kowanne da sunansa, kuma sunan sau da yawa na wani mutum ne ko wani wuri ko wani abin da ya faru. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, don take ke nan: a ji kiɗa a ce na wane ne. Zan riƙa ce musu take. Suna da iri-iri. Akwai ril, mai gudu ba tsayawa kamar sukuwa. Akwai jigi, mai tafiya uku-uku da ɗan rangaji. Sai sitrasfe, wanda shi ne tambarin Sikotland, mai wata irin fizga inda gajeriyar murya ke riga doguwa fita, ka ji kamar doki na taka rawa a gaban sarki. Makaɗi ba ya buga take ɗaya ya tsaya. Jera su yake yi, ya fara da mai nauyi, ya shiga sitrasfe, yana ƙara wuta sannu a hankali, sai ya faɗa cikin ril. Wannan gaɓa ta sauyawa daga sitrasfe zuwa ril ita ce inda ɗaki ke ɗaukar ihu.

A zaune suke kiɗa, ƙafa na dukan daɓen katako, ita ce gangarsu. Sandar gogawa kuma ba ta jan muryoyi da yawa a tafiya ɗaya kamar yadda ake koyarwa a makarantun kiɗa. Kusan kowace murya da nata bugun, sama, ƙasa, sama, ƙasa, shi ya sa kiɗan ke da tsini. Suna son ɗan kaushi a cikin sauti, har ma suna kiransa datti, kuma yabo ne. Wanda kiɗansa ya cika santsi sai a ce ya iya, amma ba a tashi masa. A da, kafin zuwan lasifika, sukan ɗaure tsirkiyoyi biyu na ƙasa su ɗaga muryarsu don sauti ya cika ɗaki. Daga baya fiyano ya shigo ya zama abokin tafiya, har masu buga shi suka ƙirƙiro salon kansu mai tsalle-tsalle wanda ba daga Sikotland aka zo da shi ba. A nan tsibirin aka haife shi.

Wani abin da zai ba mutum mamaki shi ne irin girmamawar da suke yi wa littafi. Mun saba ɗauka cewa kiɗan gargajiya na ka ne kawai. Su kuwa suna riƙe da tsofaffin kundayen take na mawallafan Sikotland irin su Niel Gow, wanda ya rasu a 1807, da William Marshall, da James Scott Skinner, kuma dattawa ba sa yafe wa yaron da ya karkatar da take daga yadda mai shi ya tsara. Amma littafi ƙashi kawai yake bayarwa. Tsokar, wato fizga da kaushi da nauyin taku, sai an zauna kusa da wanda ya iya. Kuma rumbun bai rufe ba. Dan R. MacDonald, wanda ya rasu a 1976, ana danganta masa take fiye da dubu biyu, da yawansu yanzu an ɗauke su tamkar na kaka da kakanni. Jerry Holland, haifaffen jihar Massachusetts ta Amurka da ya koma tsibirin da zama, ya bar take da ake bugawa har a Ailan. Lee Cremo kuwa ɗan Mi'kmaq ne daga Eskasoni, ba shi da kaka a Sikotland, amma ba a lissafin manyan masu gogen tsibirin a tsallake shi.

Sai rawar. Wanda ya saba da rawar da ake karya kafaɗa da ƙugu zai fara ganin kamar ba a yin komai. Mai rawa na tsaye ƙyam, hannuwa a sake a gefe, fuska ba yabo ba fallasa. Daga gwiwa zuwa ƙasa ne ake aiki: dunduniya da yatsu na sara daɓe da takalmin fata mai taurin ƙasa, suna fitar da kowace gaɓa ta taken. Babban yabon da ake yi wa gwani shi ne a ce yana kusa da ƙasa, wato ƙafarsa ba ta tashi sama, ba tsalle, ba fankama, kuma ba ya cin wuri. Takun ba a jere yake a ka kamar karatu ba. Mutum na da tarin taku da ya koya a wajen uwa ko kawu ko maƙwabci, kiɗan ne ke gaya masa wanda zai fitar a wannan daƙiƙa. Masu ido sukan kalli ƙafar yarinya su faɗi gidan da ta fito.

Rawar taron jama'a kuma ita ce wadda ma'aurata ke yi cikin rukuni, suna shiga suna fita suna musayar hannu. Wannan ma ba tsohuwar Sikotland ba ce. Daga baya ta shigo, kuma 'yan ci-rani da ke dawowa daga Amurka suna cikin waɗanda suka yaɗa ta, ta ture tsohuwar rawar mutum huɗu da kakanni suka zo da ita. Sai mutanen yankin Inverness na tsibirin suka cusa takunsu a cikinta, ta zama tasu. A wajen ƙauyen Mabou da ke wannan yanki zagaye uku ake yi, biyu da jigi, na ƙarshe da ril. Can tsakiyar dare sai a buɗe fili, mai goge ya kama sitrasfe, masu taku su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, tsoho ya yi nasa ya koma, jikarsa ta karɓa.

Mukan ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A Cape Breton maganar ta fi ƙarfi in an juya ta. Rawa ce ke hana kiɗa sauyawa yadda ya ga dama. Makaɗin da ya yi gudu fiye da kima, ƙafa ba za ta iya fitar da taku ba. Wanda ya yi sanyi, fili zai watse. Wanda ya cika ƙawa har bugun ya ɓace, ba za a sake gayyatarsa ba. Babu alƙalai da takarda da biro, babu kofi, amma hukuncin da ake yankewa a daren Asabar a ɗakin rawa na West Mabou ya fi na kowace gasa tsanani, don ana yanke shi ne duk mako. Shi ya sa kalmar da suka fi auna makaɗi da ita ita ce lokaci: wane yana da lokaci mai kyau, ma'ana bugunsa ba ya gaba ba ya baya.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne Buddy MacMaster na garin Judique, wanda aka haifa a 1924 ya rasu a 2014. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana aikin tasha da buga waya, yana gwada gogensa tsakanin wucewar wannan jirgi da zuwan wancan. Shekara da shekaru shi ke kiɗan rawa a ɗan ƙaramin ɗakin taro na Glencoe Mills, wanda sai an bi hanyar burji cikin daji ake kai wa gare shi. Bai fitar da faifansa na farko ba sai a 1989, bayan ya yi ritaya, yana da shekara 65. Wato sunansa ya gama kafuwa tun kafin kamfanin faifai ya san da shi. Masu rawa ne suka naɗa shi.

Akwai wani ɓangaren labarin da zai yi wa mai karatu Bahaushe kama da na gida. Goge ya daɗe ba ya zaman lafiya da malaman addini, can ma haka. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, wani limamin cocin Katolika a Mabou, Fada Kenneth MacDonald, ya bi gidaje yana karɓe goguna yana lalatawa, saboda a ganinsa inda goge yake nan giya da shashanci suke. Ana ba da labarin cewa gidajen da ke da biyu sukan miƙa masa maras kyaun su ɓoye na kirki. Mu ma mun san yadda gogenmu ya sha suka tun zamanin jihadi, saboda alaƙarsa da bori da gidajen da mutumin kirki ba ya son a gan shi, abin da bai hana irin su Garba Liyo da Audu Yaron Goge yin suna ba. Bambancin shi ne abin da ya biyo baya a can. Bayan ƙarni ɗaya, limaman coci ne a sahun gaba wajen tayar da kiɗan: Fada Eugene Morris, wanda shi kansa gwanin taku ne, yana cikin waɗanda suka shirya taron Glendale, Fada John Angus Rankin kuma shi ya ja ragamar makaɗan a dandamali. Ɗakunan rawa da yawa ma na coci ne, kuɗin ƙofa na tafiya ga hidimar unguwa. An fitar da gogen daga inda ake jin kunyarsa an kai shi inda kaka da jika za su zauna tare, kuma rawar West Mabou ta shahara da cewa ta iyali ce, ana zuwa da yara.

A can Sikotland kuwa abin wata hanya ya bi. Wa'azin masu tsananin ra'ayi a tsaunuka ya kashe kiɗa a ƙauyuka da dama, ƙaura ta kwashe mutane. Abin da ya rage sai ya koma hannun ƙungiyoyi masu tsara doka. A 1923 aka kafa ƙungiyar da ta daidaita rawar taro ta rubuta yadda za a ɗaga kowace ƙafa. Rawar tsaunuka ta zama ta gasa, da tufafi na musamman da tsalle a kan yatsu. Gogen ya karkata ga salon ɗakin kallo. Rawar taku irin ta kusa da ƙasa ta kusa ɓacewa ƙwaf. Ailan ma ta bi hanyar hukuma da gasa tun wajajen 1930, kuma daga wannan reshe ne wasan Riverdance ya fito, wanda ya fara a matsayin cikon fili na minti bakwai a gasar waƙa ta Eurovision ta 1994 a Dublin, ya zagaye duniya. Ba na raina wannan, gwaninta ce ta gaske. Amma rawa ce da mutum dubu ke zaune suna kallon mutum talatin.

Kada a ɗauka komai lafiya lau yake a tsibirin. Harshen Galik, wanda a da shi ne na gida da gona, ya ja baya matuƙa, masu jin sa a duk lardin yanzu ba su kai dubu biyu ba. Dattawa na cewa akwai Galik a cikin gogen, wato fizgar kiɗan daga karin harshen ta fito, kuma wanda bai ji harshen ba zai buga take daidai amma ɗanɗano ya tsere masa. Matasa da yawa ba su yarda ba, suna cewa kunne ya isa. Wannan gardama ba ta ƙare ba, ni kuma daɗinta nake ji, don ba a jayayya a kan gadon da ba mai so. Sai matsalar abinci. Masana'antar ƙarfe ta Sydney, babban garin tsibirin, da mahaƙar kwal ta ƙarshe ta gwamnati duk sun rufe a wajajen 2001. Da ma can mutanen tsibirin 'yan ci-rani ne, a da Boston da Detroit da Toronto, yanzu filayen mai na Alberta a yammacin Kanada. Ƙauyen da samarinsa ke nesa da kilomita dubbai, wa zai cika ɗakin rawa a tsakiyar hunturu? Raye-raye da yawa sun koma na bazara kawai, lokacin da 'yan gida ke dawowa hutu, baƙi kuma na zuwa yawon buɗe ido.

Shahara ma da nata haraji. A shekarun 1990 Natalie MacMaster, 'yar ɗan'uwan Buddy, da Ashley MacIsaac suka kai gogen tsibirin manyan dandamali na duniya, ita tana kiɗa tana taku a lokaci guda, shi yana gauraya shi da kiɗan zamani mai ƙara. Tun 1997 kuma ake bikin Celtic Colours duk watan Oktoba, kwana tara ana kiɗa a garuruwa daban-daban na tsibirin. Kuɗi ya shigo, yara sun ga cewa goge na iya zama sana'a. Amma dandamali tafi yake so, tafi kuma gudu da ban mamaki yake bi, ba lokaci mai kyau ba. Yaron da ya koyi kiɗa a aji da bidiyon intanet, ya hau dandamali yana da shekara goma sha biyu, zai iya girma bai taɓa yin awa uku yana yi wa masu rawa kiɗa ba. Abin da ya rage wa tsibirin kariya shi ne har yanzu ana sa ran ko wane tauraro in ya dawo gida ya zauna a kujerar katako a ɗakin unguwa ya yi wannan aikin, kuma manyansu suna yi.

A shekarun 1990 ɗin nan dai wani abu ya faru da kakannin da aka kora ba za su taɓa zato ba. Kwalejin Galik ta Sabhal Mòr Ostaig da ke tsibirin Skye a Sikotland ta riƙa gayyato Buddy MacMaster ya koyar da goge, da Harvey Beaton ya koyar da taku. A 1996 aka buɗe makarantar bazara ta Ceòlas a tsibirin South Uist, shi ma a Sikotland, inda malamai daga Cape Breton ke zuwa. Masana na ta muhawara a kan ko takun da aka mayar ɗin shi ne ainihin wanda ya bar Sikotland, ko kuwa ya sha ruwan Ailan da na Amurka a hanya, tunda 'yan Ailan ma sun zauna a tsibirin. Ana cikin wannan muhawara, wasu tsofaffi a tsibiran Sikotland da suka ga baƙin na taku suka ce sun tuna iyayensu na yin irinsa a ɗakin girki.